Zaɓen Kulob Ɗin Golf Na Dindindin: Abubuwan Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Auna Kafin Ya Biya Kuɗin Shiga

Ɗan kasuwar da harkokinsa suka zaunar da shi a Legas ko Abuja ko Fatakwal, da wuya ya daɗe bai sami wani abokin hulɗa da ya gayyace shi zuwa filin wasan golf ba, watau wasan nan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Daga gayyata ɗaya zuwa biyu sai sha'awa ta shiga, daga nan kuma sai maganar zama memba ta taso. A wannan gaɓa ce mutane da dama kan yi gaggawa, su biya kuɗi masu yawa saboda kunyar wanda ya gayyace su ko saboda sunan da kulob ɗin ya yi, sa'an nan bayan shekara guda su tarar ba su taka filin ya fi sau biyar ba.

Shiga kulob a matsayin memba na dindindin alkawari ne na shekaru masu yawa. Kuɗin shiga galibi ba a mayarwa, kuɗin shekara ba ya tsayawa ko mutum ya je ko bai je ba, kuma sunan wanda ya kasa biya yakan fito a allon sanarwa a gaban mutanen da yake neman amincewarsu a kasuwa. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fita ba. Saboda haka ya dace a auna wannan al'amari kamar yadda ake auna kama hayar shago na shekara goma ko shiga haɗin gwiwa da wani kamfani.

Asalin kulob-kulob ɗin

Wasan golf ya shigo Nijeriya ne tare da Turawan mulki da na ciniki da na haƙar ma'adinai. Kulob ɗin Rayfield da ke Jos, wanda aka kafa a 1913 a zamanin haƙar kuza, ana lasafta shi cikin mafiya daɗewa a ƙasar nan. Na Kaduna ya biyo baya a 1921. Wasu kuma shekarar kafa su tana manne da sunansu, kamar Port Harcourt Club 1928 da Benin Club 1931 da Ikoyi Club 1938. Shi wannan na Ikoyi an same shi ne ta hanyar haɗe kulob ɗin Turawa na Legas da kulob ɗin golf na garin, kuma a filinsa aka riƙa yin babbar gasar Nigerian Open, wadda ta jawo ƙwararru daga ƙasashen waje. Sandy Lyle na Sikotlan ya ci gasar a 1978, Peter Tupling na Ingila ya ci a 1981 da bugu 255 kacal a zagaye huɗu, sa'an nan Vijay Singh na ƙasar Fiji ya ci a 1988 da 1989, tun kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004.

Bayan waɗannan tsofaffi sai aka sami wani rukuni. A 1991, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja, aka kafa kulob ɗin IBB a unguwar Maitama, mai ramuka 18. Gwamnatin Jihar Akwa Ibom ta gina fili haɗe da otal a kusa da Uyo. Attajirai ma sun shigo: Tunde Ponnle, mai kamfanin wayoyin lantarki na MicCom, ya gina nasa a garin Ada na Jihar Osun, Michael Ade-Ojo, mai kamfanin motoci na Elizade, ya gina Smokin Hills a Ilara-Mokin ta Jihar Ondo, tsohon Shugaban Majalisar Dattawa David Mark kuma ya gina wani a Otukpo ta Jihar Binuwai. A kan hanyar Lekki zuwa Epe akwai Lakowe Lakes, inda aka haɗa filin wasa da rukunin gidaje na sayarwa. Har ila yau akwai filaye a cikin barikokin soja, da na cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan, mai ramuka 9.

Wane ne mai kulob ɗin?

Wannan tarihi yana da amfani ga mai neman shiga, domin shi ke nuna wanda ke riƙe da wuƙa da nama. A dunƙule kulob-kulob ɗin sun kasu uku.

Kashi na farko shi ne kulob na membobi. A nan membobi ne ke zaɓen shugabanni a babban taron shekara-shekara, su ne ke amincewa da kasafin kuɗi da ƙarin kuɗin shekara. Amfaninsa shi ne memba yana da ƙuri'a, yana kuma iya tashi ya yi tambaya. Illarsa ita ce duk wani giɓi a kan membobi yake komawa, sa'an nan siyasar zaɓen shugabanni takan raba kan jama'a. Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan an yi wa kulob rajista a matsayin ƙungiya mai amintattu a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020, ba a raba wa membobi riba, kuma ko da an rushe ƙungiyar ba a raba musu kadarorinta, sai dai a miƙa wa wata ƙungiya mai manufa irin tata. Watau kuɗin shiga izinin amfani da wuri ne mutum ya saya, ba hannun jari ba.

Kashi na biyu shi ne kulob na mutum ɗaya ko na kamfani. A nan shawara ba ta daɗewa, gyara ma yakan zo da sauri matuƙar mai wurin yana da hali da sha'awa. Amma memba tamkar mai sayen kaya ne, ba shi da ta cewa in an ƙara farashi. Tambayar da ta fi muhimmanci a irin wannan wuri ita ce abin da zai faru idan mai shi ya rasu, ko kasuwancinsa ya ja baya, ko magada suka ga sayar da filin ya fi musu riba.

Kashi na uku shi ne na hukuma, ko ta gwamnati ko ta soja ko ta wata cibiya. Irin waɗannan sukan fi sauƙin kuɗi, kuma akwai tsaro. Sai dai canjin gwamna ko minista ko kwamanda yana iya canja komai, kuma memba farar hula yana iya wayar gari ya tarar an tsananta dokar shiga bariki saboda wani dalili na tsaro da bai shafi wasa ba.

Nisa da lokaci

Cikakken zagaye na ramuka 18 yakan ci awa huɗu ko fiye, kuma mai tafiya a ƙasa zai taka kilomita bakwai zuwa goma. In an haɗa da sauya tufafi da ɗan motsa jiki kafin farawa da zama da abokan wasa bayan an gama, rabin yini ya tafi. Idan kuma aka ɗora awa biyu na cunkoson motoci a zuwa da awa biyu a dawowa, kamar yadda yakan faru a Legas, to yinin ne gaba ɗaya ya tafi. Ɗan kasuwar da shagonsa ko ofishinsa ke buƙatar idonsa ba zai jure wannan kowane mako ba.

Don haka abin da ya fi dacewa shi ne mai neman shiga ya gwada hanyar da kansa, a ranar da yake sa ran zai riƙa wasa da kuma sa'ar da zai riƙa fita, ba ranar Lahadi da safe da titi ke fayau ba. Kulob mai ramuka 9 da ke minti ashirin daga gida yakan fi amfani a kan ƙasaitaccen fili da ke bayan gari, domin ana iya yin ramuka tara cikin awa biyu bayan sallar Asuba a koma bakin aiki. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ba a ganinsa a kulob ba ya ƙulla wata hulɗa, kome girman katin da ke aljihunsa.

Haka kuma ya kamata ya binciki yawan masu wasa. Fili ɗaya yana da iyakar mutanen da zai ɗauka a rana, domin ana sakin 'yan wasa ne rukuni-rukuni, galibi mutum huɗu, da tazarar kimanin minti takwas zuwa goma a tsakani. A kulob mai membobi da yawa samun gurbi ranar Asabar da safe yakan zama aiki, ga kuma gasannin da bankuna da kamfanoni ke ɗaukar nauyi waɗanda kan rufe filin. Ya nemi jadawalin shekarar da ta wuce ya ƙidaya ranakun ƙarshen mako nawa aka rufe wa memba na yau da kullum.

Lissafin kuɗi

Kuɗin da ake faɗa wa mai neman shiga a baki yawanci biyu ne, na shiga da na shekara. Amma akwai wasu a bayansu. A manyan kulob-kulob masu sassa da yawa, kamar na ninkaya da tanis da sukwash, mutum yakan fara zama memban uwar kulob ne, sa'an nan ya sake biyan kuɗin sashen golf daban. Akwai kuɗin karo-karo da ake ɗora wa membobi in za a yi babban aiki, kamar sake ginin zaure ko sayen injin aske ciyawa. Akwai ladan mai ɗaukar jaka, wanda ake kira kadi, a kowane zagaye, da hayar ƙaramar motar fili ga wanda ba ya son tafiya a ƙasa, da kuɗin akwatin ajiya, da kuɗin shiga gasa, da kuɗin koyarwa wurin ƙwararren kulob. Wasu wurare kuma sukan wajabta wa memba kashe wani adadi a ɗakin cin abinci. Ya kamata a tambaya ko alkaluman da aka bayar sun haɗa da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a 2020.

Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar farashi ita ce a raba kuɗin shekara da yawan zuwa. A ƙaddara, don misali kawai, kuɗin shiga Naira miliyan 3 ne, na shekara kuma Naira miliyan 1.2. Idan mutum yana sa ran zama shekara goma, kuɗin shiga ya zama Naira 300,000 a kowace shekara, jimla Naira miliyan 1.5 ke nan. Wanda ke wasa sau 50 a shekara, kowane zagaye ya tsaya masa Naira 30,000. Wanda ke wasa sau 10 kuwa, kowane zagaye ya tsaya masa Naira 150,000. Sai ya kwatanta wannan da kuɗin da kulob ke karɓa daga baƙo. In kuɗin baƙo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, to lokacin zama memba bai yi ba tukuna, sai fa in akwai wata riba ta hulɗa da ta cancanci bambancin.

Daɗin daɗawa, farashin bana ba shi ne na baɗi ba. Filin golf ya dogara ne a kan abubuwan da suka fi saurin tsada a Nijeriya: man dizal na janareta da famfunan ban ruwa, wutar lantarki, takin zamani, maganin ƙwari, da injuna da kayan gyaransu waɗanda ake shigowa da su da kuɗin waje. An janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki darajar Naira a watan Yuni na shekarar, inda Dala ɗaya ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a 2024. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar masu rukunin A fiye da sau uku, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Babu kulob ɗin da irin wannan guguwa za ta ƙyale. Kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 a kowace shekara yana ninkawa cikin shekara huɗu. Saboda haka ya kamata mai neman shiga ya nemi sanin abin da aka biya a kowace shekara cikin biyar da suka wuce, da karo-karo nawa aka yi a tsakani. Daidai ruwa daidai tsaki: in kuɗin bana ma sai da ya matse aljihunsa, to na shekara huɗu masu zuwa zai gagare shi.

Idan kamfani ne zai biya wa daraktocinsa, ya dace a duba ko kulob ɗin yana da rajistar kamfanoni, wadda ke ba da damar sauya sunan mai amfani da kati in ma'aikaci ya bar aiki. A kuma tuntuɓi akanta tun da wuri, domin hukumar haraji ba ta amincewa a cire wani kashe kuɗi daga riba sai an nuna don neman ribar aka yi shi.

Filin kansa

Filayen golf a Nijeriya iri biyu ne ta fuskar wurin da ramin yake. Akwai masu lallausar ciyawa da ake askewa ƙasa-ƙasa, wadda 'yan wasa ke kira girin, akwai kuma masu yashi da aka cuɗa da mai aka daddaɓe, wanda suke kira burawun. Shi burawun an ƙirƙiro shi ne saboda ƙarancin ruwa, kuma tsofaffin filaye da dama, musamman a Arewa, da shi suka fara. Kula da shi ba shi da tsada, shi ya sa kuɗin irin waɗannan kulob-kulob yakan yi sauƙi. Sai dai wanda ya saba da shi yakan sha wuya in ya je gasa a filin ciyawa, domin gudun ƙwallo ya bambanta ƙwarai. Girin kuwa yana buƙatar ruwa da aski kusan kowace rana, kuma sakaci na 'yan makonni yana iya kashe shi.

Ashe ke nan babbar tambaya a kan kowane fili ita ce ta ruwa: daga ina yake zuwa, tafki ne ko rafi ko rijiyar burtsatse, kuma yana kaiwa ƙarshen rani? Gani ya kori ji. A Abuja da Kaduna da Kano da Jos, lokacin da ya dace a duba fili shi ne watan Maris ko Afrilu, sa'ad da rani ya kai maƙura. A Legas da Fatakwal da Uyo kuwa matsalar ta yawan ruwa ce, don haka a je a watan Yuni ko Yuli a ga ko magudanan suna aiki, ko kuwa filin yakan zama fadama a rufe shi kwana da kwanaki. Wanda ya duba fili a watan Oktoba kawai, lokacin da ko'ina ya yi kore shar, bai ga komai ba.

Yana da kyau kuma a leƙa rumfar injuna. Injin aske ciyawa guda nawa ke aiki, guda nawa aka jingine don rashin kayan gyara? Ma'aikatan fili suna samun albashinsu a kan kari? Amsar waɗannan ta fi kyawun zauren baƙi nuna halin da kulob ke ciki. Haka nan a duba wurin koyon bugu, domin sabon ɗan wasa a can zai fi ɓata lokacinsa a shekarar farko.

Takardun fili da na mulki

Cikakken filin golf yana cin hekta hamsin ko fiye, kuma tsofaffin filayen da aka shata a bayan gari a zamanin Turawa yanzu suna tsakiyar unguwanni mafiya tsada. Irin wannan ƙasa ba ta rasa masu sa mata ido. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, a Abuja kuma Ministan Babban Birnin Tarayya ke gudanar da ita a madadin Shugaban Ƙasa. Abin da ake ba mutum ko ƙungiya shi ne izinin zama na wani wa'adi, galibi shekara 99, kuma ana iya soke shi saboda bukatar jama'a ko saboda saɓa sharuɗɗa, ciki har da rashin biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Mai shirin zama shekara ashirin a kulob yana da haƙƙin ya san sunan wa ke kan takardar filin, shekara nawa suka rage, ko ana biyan kuɗin ƙasa, da kuma ko akwai shari'a a kotu a kan wani yanki nasa.

Bayan takardar fili sai kundin tsarin mulkin kulob. A karanta shi tun daga farko har ƙarshe kafin a sa hannu. A ciki ne za a ga wa'adin shugabanni, da ikon amintattu, da yawan ƙuri'un da ake bukata kafin a ɗora karo-karo, da hanyar dakatar da memba ko korarsa, da ko yana da damar ɗaukaka ƙara. A nemi rahoton kuɗi na shekara biyu ko uku wanda masu binciken kuɗi na waje suka sa wa hannu, a duba bashin da ake bin kulob da wanda yake bin membobinsa. Idan membobi da yawa ba sa biya, nauyin a kan masu biya zai faɗa. Ana kuma iya tabbatar da rajistar kulob a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC. Kulob ɗin da ya daɗe bai yi babban taro ba, ko wanda shugabanninsa ke gaban alƙali da juna, gara a dakata har ƙura ta lafa.

Mutanen da za a zauna da su

A yawancin kulob-kulob na membobi ba a shiga da kuɗi kaɗai. Sai wani tsohon memba ya gabatar da mutum, wani ya mara masa baya, a kafe sunansa a allo na wani lokaci don mai ƙorafi ya yi, sa'an nan kwamiti ya gana da shi. A wasu wurare jiran yakan ɗauki watanni ko fiye. Wanda ya gabatar da mutum ya sa mutuncinsa ne a kai, don haka rashin biya ko rashin ɗa'a abin kunya ne ga mutum biyu.

Kafin a kai ga wannan mataki, ya dace mai nema ya yi wasa a matsayin baƙo sau uku ko huɗu, a ranaku daban-daban, tare da mutane daban-daban. Ya lura ko ana jawo sabon zuwa a jiki, ko kuwa kowane gungu ya rufe ƙofarsa. Ya lura da yadda membobi ke yi wa masu ɗaukar jaka da masu hidima magana, domin halin mutum a nan yake fitowa. Ya kuma duba ko mutanen da ke wurin su ne waɗanda harkarsa ke bukata: mai shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa da mai neman kwangilar ma'aikatu ba wuri ɗaya jama'arsu ke taruwa ba.

Amma a yi hattara da ɗaukar kulob a matsayin kasuwa. Tsofaffin 'yan wasa ba sa son wanda zai zaro takardar neman kwangila a rami na biyu. Abin da golf ke bayarwa shi ne awa huɗu na tafiya tare, inda ake ganin haƙurin mutum da gaskiyarsa, tun da a wannan wasa kowa shi ke ƙidaya bugunsa, shi ke kuma faɗin laifinsa ko ba wanda ya gani. Wanda aka kama yana rage bugu a kati, labarin yakan riga shi isa banki. Amana ce ake ginawa a hankali, ciniki kuma ya biyo baya a ofis.

Handikaf da hulɗa da wasu kulob-kulob

Handikaf lamba ce da ke nuna ƙwarewar ɗan wasa, ita ce kuma ke ba mai rauni damar karawa da gwani ta hanyar rage masa wasu bugu. Tun daga 2020 hukumomi biyu masu kula da dokokin wasan, R&A da ke St Andrews a Sikotlan da USGA ta Amurka, suka fito da tsari guda na duniya. A wannan tsari ana ɗaukar sakamako 8 mafiya kyau daga cikin 20 na baya-bayan nan, lamba mafi girma ita ce 54, kuma sabon ɗan wasa yana samun lambarsa ta farko bayan ya miƙa sakamakon ramuka 54. Ɗan kasuwa mai tafiye-tafiye ya tambaya ko kulob ɗin yana ƙarƙashin Hukumar Golf ta Nijeriya, kuma ko lambar da yake bayarwa ana karɓarta a waje, domin akwai filaye a ƙasashen ƙetare da ba sa barin baƙo ya yi wasa sai ya nuna shaidarta.

Haka kuma kulob-kulob da dama suna da yarjejeniyar karɓar membobin juna, a cikin gida da waje. Ga wanda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja da Legas, wannan yana iya hutar da shi biyan kuɗin shekara a wuri biyu. Sai dai a nemi jerin sunayen a rubuce, a kuma san sharuɗɗan: kwana nawa aka yarda a shekara, ko ana bukatar wasiƙar gabatarwa daga sakatare, da ko rangwamen ya shafi ranakun ƙarshen mako.

Iyali da addini

Zama na dindindin ya shafi gida. A duba ko katin memba ya haɗa da iyali, da mata nawa da 'ya'ya nawa ya ɗauka, domin tsarin da aka gada daga Turawa mace ɗaya ya sani, kuma mai iyali da yawa yana iya tarar da ƙarin kuɗi. A tambayi shekarun da yaro ke fita daga katin mahaifinsa, da ko ana yi wa 'ya'yan membobi sauƙi in sun girma. Kulob mai shirin koyar da yara da sashen mata mai ƙarfi yakan fi daɗewa da rai.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa. Akwai masallaci ko wurin salla mai tsabta da wurin alwala? Ana sa manyan gasanni a lokacin sallar Juma'a? Wurin cin abinci a ware yake da mashaya, ko sai an ratsa ta? A wasu gungu al'ada ce a sa kuɗi a kan wasa, wanda caca ce, don haka gara mutum ya bayyana matsayinsa tun ranar farko, ya nemi abokan wasan da za su girmama shi. A cikin lissafin kuɗi kuma a tuna da watan azumi da lokacin aikin Hajji ko Umra, waɗanda kan rage yawan zuwa fili alhali kuɗin shekara yana nan yadda yake.

Ƙofar fita

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a shiga ya kamata a san yadda ake fita. Idan aiki ya mayar da memba wani gari, akwai rangwamen mazauna nesa? Ana iya dakatar da kati na shekara guda saboda rashin lafiya ko karyewar jari? Wata nawa ake jira kafin a soke sunan wanda bai biya ba, kuma in ya dawo sai ya sake biyan kuɗin shiga? Bayan shekara nawa ake zama memba na har abada wanda aka ɗauke wa kuɗin shekara? Idan memba ya rasu, iyalinsa suna ci gaba da amfani da katin? A wuraren da aka haɗa fili da gidaje, a tabbatar ko zama memba yana bin gidan ne in an sayar, ko kuwa yana bin mutum.

Duk amsar da aka bayar a nemi ganinta a rubuce, domin sakataren da ya yi alkawari da baki bana wataƙila ba shi ne a kujerar ba baɗi. Ɗan kasuwar da ya yi wasa a matsayin baƙo na 'yan watanni, ya ga filin a rani da damina, ya karanta kundin tsarin mulki da rahoton kuɗi, ya kuma yi lissafin shekara biyar masu zuwa a kan abin da kasuwancinsa zai iya ɗauka ko da ciniki ya ja baya, shi ne ya cancanci ya nemi wanda zai gabatar da shi. Wanda bai gama wannan bincike ba kuwa, babu abin da zai rasa in ya ci gaba da biyan kuɗin baƙo har zuwa wata shekara.